Yadda Ake Nemo Littattafan Shari'a, Mujallu da Maƙalu a Sakkwato

Ɗalibin shari'a da ya kai aji biyar ya zo rubuta kundin kammala digiri, da sabon lauyan da maigidansa ya miƙa wa fayil ya ce gobe da safe yana son ra'ayi a rubuce, damuwarsu ɗaya ce. Sun san amsar tana nan, amma ba su san ƙofar da za su fara ƙwanƙwasawa ba. Da yawa sai su zaro waya su zuba tambayar a Google, su kwashi abin da ya fara fitowa, su jera sunayen shari'o'in da ba su taɓa buɗewa ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin a aikinmu hujjar da ba ta da tushe gidan wani take ci, ko gonarsa, ko 'yancinsa. Ƙa'idar da zan bi da kai a kanta daga farko har ƙarshe ita ce kada ka kafa hujja da abin da ba ka buɗe da hannunka ka karanta ba. Kuma ka sani tun yanzu, a Sakkwato wani kaso mai yawa na abin da kake nema ba ya kan intanet, sai ka taka da ƙafarka.

Don kada maganar ta tsaya a iska, ga matsalar da za mu riƙa komawa gare ta. Wani magidanci ya sayar da gidansa a cikin gari. Maƙwabcinsa da suke katanga ɗaya ya ce shi ya fi cancanta da gidan, zai biya mai saye kuɗinsa ya karɓe. Yana da wannan haƙƙi ko ba shi da shi?

Ka fara zama da tambayar

Kafin ka nufi ɗakin karatu, ɗauki takarda ka farfasa tambayar. Wace doka ce ke hukunta al'amarin, ta tarayya, ta jiha, ko shari'ar Musulunci? Wace kotu ce ke da hurumi? Gidan yana da takardar mallaka ta gwamna? Idan yana da ita, sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wanda ya wajabta neman izinin gwamna kafin a sayar, ya shigo cikin maganar. Maƙwabcin yana da rabo a cikin gidan, ko katanga kawai ta haɗa su? Tun yaushe ya san da cinikin?

Daga nan ka rubuta kalmomin nema. Haƙƙin da maƙwabcin ke da'awa sunansa shuf'a a fiƙihu, amma rahotannin kotu da Turanci ake buga su, kuma kowane edita da yadda yake rubuta kalmar: shuf'a, shufa, shuf'ah, ko ya sa pre-emption. Jera su duka, don injin bincike abin da ka ba shi kaɗai yake nemowa.

Dokar kanta tukuna

Kafin littafin kowane farfesa, ka karanta dokar. Tsarin Mulki na 1999 shi ne sama da kowa, kuma an yi masa gyare-gyare, waɗanda aka sa wa hannu a 2023 sun taɓa sassa da dama, don haka duba shekarar bugun da ke hannunka. A matsalarmu sashe na 277 ne za ka fara buɗewa. Shi ya lissafa abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha ke da hurumi a kai: aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya, gado da makamantansu. Rikicin mallakar fili tsagwaronsa ba ya ciki, haka Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Magaji da Matari a 2000. Wanda bai san wannan ba zai iya kai ƙararsa kotun da ba ta da hurumi, a yi shekaru ana tafiya, a ƙarshe a rushe komai.

Dokokin tarayya an tattara su a kundin da ake kira LFN na 2004, kuma shafin intanet na PLAC, wata cibiya mai zaman kanta da ke aiki kan dokoki, ya ɗora shi kyauta. To amma nan tarko yake. Kundin a 2004 ya tsaya, majalisa kuwa ba ta tsaya ba. Dokar Shaida da ke cikinsa an maye gurbinta da ta 2011, ita ma aka yi mata gyara a 2023. Dokar kamfanoni ta 1990 ta kau, ta 2020 ce ke aiki. Dokar tafiyar da shari'o'in laifi ta 2015 ba ta cikin kundin sam. Duk sashen da za ka ambata, ka tambayi kanka abu uku: an soke shi, an gyara shi, ko wata kotu ta ce ya ci karo da Tsarin Mulki?

Dokokin jiha sun fi wuyar samu, kuma sai ka riƙe tarihin jihar a ka. Ƙasar Sakkwato ta kasance ƙarƙashin Jihar Arewa har 1967, ta zama Jihar Arewa maso Yamma, sannan Jihar Sakkwato a 1976. Kebbi ta fita a 1991, Zamfara a 1996. Saboda haka doka guda za ka iya ganin asalinta a kundin dokokin Arewa na 1963, ka ga gyaranta a wata dokar soja ta Arewa maso Yamma, sannan ka same ta a kundin dokokin jiha. A 2000 jihar ta kafa kotunan shari'ar Musulunci ta kuma yi dokar hukunta laifuka bisa shari'a, a 2019 aka sake sabuwar dokar tafiyar da shari'o'in laifi, a 2021 aka sa hannu a dokar kare yara. Irin waɗannan, kwafin da ke yawo a WhatsApp sau da yawa ƙudiri ne da ba a kammala ba, lambobin sassansa ma sun bambanta da na dokar da aka sa wa hannu. Je Ma'aikatar Shari'a, ko ofishin akawun Majalisar Dokoki, ka nemi wanda aka buga a gazet. Ka duba shafin farko ka ga lambar dokar da ranar da ta fara aiki.

Abin da kotuna suka ce

Da ka gama da doka, sai hukunce-hukunce. A matsalar maƙwabci akwai shari'ar da ta taso daga nan Sakkwato ta kai har Kotun Ƙoli, wato Alkamawa da Bello. Za ka ga an rubuta ta haka: (1998) 8 NWLR (Pt. 561) 173. Ka koyi karanta wannan layi, shi ne adireshin shari'ar. 1998 shekarar bugawa ce, 8 juzu'i ne na wannan shekara, NWLR sunan rahoton ne, wanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, 561 lambar kashi ce, 173 kuma shafin da shari'ar ta fara. A kan kanta lambar kashi ce za ta kai ka, domin ita ce ba ta maimaituwa: ka bi bayan littattafan da yatsa har ka ga wanda ya ƙunshi 561.

Idan ka buɗe, abin da za ka fara gani taƙaitawar edita ce, jerin batutuwa masu lamba da baƙin rubutu. Tana da amfani wajen nuna maka hanya, amma ba ita ce maganar kotu ba. Wuce ta ka karanta hukuncin alƙalin da ya jagoranta, tun daga yadda rigimar ta faro har inda ya yanke. A nan za ka ga Kotun Ƙoli ta ce a mazhabar Malikiyya maƙwabtaka kaɗai ba ta ba mutum haƙƙin shuf'a, kuma za ka ci karo da maganar nan da aka fi ambaton shari'ar saboda ita, cewa shari'ar Musulunci ba dokar gargajiya ba ce don ba ta wata ƙabila ba ce. Sai ka zauna ka rarrabe: wanne ne dalilin da aka gina hukunci a kansa, wanne ne bayani da alƙali ya yi a kan hanya? Na farko shi ke ɗaure kotunan ƙasa. Ɗalibai da yawa a nan suke zamewa, su ɗauko jimla mai daɗin ji su ce kotu ta yanke, alhali abin da aka yanke daban ne. Karanta har ƙarshe, ka ga ko wani alƙali ya saɓa wa 'yan'uwansa.

A intanet, LawPavilion da Legalpedia na kuɗi ne, kuma ofisoshin lauyoyi da yawa suna da rajista. Idan kana zaman koyon aiki a wani ofis, roƙi maigidan ya bar ka ka yi amfani da ita. Shari'ar da ka ga an sa mata LPELR daga LawPavilion take. NigeriaLII kyauta ne, sai dai bai tattara komai ba. Ko wanne ka shiga, bayan ka sami shari'arka ka sake sa sunanta a gurbin nema, don ka ga shari'o'in baya da suka ambace ta. Da haka za ka san ko har yanzu ana bin ta ko an juya mata baya. Tsofaffin hukunce-hukuncen Arewa kuwa, ka nemi NRNLR da NNLR, wato rahotannin shari'o'in kotunan Arewacin Nijeriya, a ɗakin karatu.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna iya taimaka maka da kalmomin nema, amma suna ƙaga sunayen shari'o'i har da lambobin shafi. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in da babu su. Duk abin da manhaja ta ba ka, sai ka gan shi a rahoto.

Littattafan fiƙihu

A nan ɗan Sakkwato ya fi takwarorinsa na wurare da yawa gata, kuma abin takaici ne a ga ya yi sakaci da shi. Kotunanmu da Malikiyya suke hukunci, littattafan kuma ga su a bakin masallatai da kasuwa da zaurukan malamai. Bi su daga ƙarami zuwa babba. Risala ta Ibn Abi Zaid tana da babin da ya haɗa shuf'a da kyauta da sadaka da jingina, a nan za ka ga a taƙaice cewa shuf'a a dukiyar tarayya da ba a raba ba take, babu ita a abin da aka riga aka raba, babu ita ga maƙwabci, kuma wanda yana gari ya yi shiru har shekara ta wuce haƙƙinsa ya faɗi. Daga nan ka buɗe sharhinta, Samaruddani ko Fawakihud Dawani. Sai Mukhtasar na Khalil tare da Jawahirul Iklili ko Hashiyar Dasuƙi. Sai Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda alƙalai ba sa rabuwa da ita, da sharhinta Bahja. As'halul Madarik na Abubakar al-Kashnawi shi ma kotuna suna yawan ambatonsa. Idan kundinka na kwatanta mazhabobi ne, Bidayatul Mujtahid ta Ibn Rushd za ta nuna maka cewa Hanafawa sun ba maƙwabci wannan haƙƙi, da dalilin kowane ɓangare.

Manhajar Maktaba Shamila tana sauƙaƙa nema, ka rubuta kalma ta fito maka da wurarenta a littattafai masu yawa. Amma lambar shafi tana bin bugu ne, bugun Beirut daban, na Alƙahira daban. Idan za ka ambata, ka sa sunan babi tare da juzu'i da shafi da maɗaba'a, yadda mai bugu daban zai iya gano wurin. Fassarar Turanci da Ruxton ya fitar a 1916 taƙaitawa ce ta Mukhtasar, kuma ta hanyar Faransanci ta biyo, don haka kada ka jingina hukunci a kanta ita kaɗai.

Idan Larabcinka bai yi ƙarfi ba, kada ka yi kunya. Ɗauki littafin ka je wurin malamin fiƙihu, ka zauna ƙasa yadda ake zama, ka ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan babin nake so a biya mini." Abin da zai warware maka tsakanin La'asar da Magariba zai iya cin maka mako kana fama kai kaɗai. Mai bincike kan mulki, alƙalanci ko ƙasa kuma ya tuna malaman jihadi sun yi rubutu a kai: Diya'ul Hukkam na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da Ta'alimur Radi nasa kan mallakar ƙasa, da Usulus Siyasa na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Waɗannan tushe ne na asali, kuma kundin da ya yi magana kan shari'a a ƙasar Sakkwato bai leƙa su ba yana da giɓi.

Ɗakin karatu da mutanen cikinsa

Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da babban ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo a mazauninta na dindindin, ga kuma tarin littattafan Tsangayar Shari'a. Wanda ba ɗalibin jami'ar ba ya tafi da takardar gabatarwa daga makarantarsa ko ofishinsa da katin shaida. Ka fara da gaida ma'aikacin da ke kula da sashen, ka gaya masa batunka a jimla ɗaya. Shi ya san juzu'in da aka kai ɗauri, da mujallar da ta iso ba a jera ba tukuna, da rumbunan intanet da jami'a ta biya wa kuɗi a bana. Ka nemi ya nuna maka yadda lambobin kanta suke tafiya. A tsarin da jami'o'i da yawa ke bi, harafin K na shari'a ne, KBP shari'ar Musulunci, KTA dokokin Nijeriya. Da ka sami littafi ɗaya da ya dace, dubi na damansa da na hagunsa, yawanci batunsu ɗaya.

Littafin koyarwa kuma ka duba bugu na nawa ne da shekararsa kafin komai. Littafin dokar kamfanoni da aka buga kafin 2020 zai koya maka tarihi ne. Abin da ya fi daraja a cikin kowane littafi shi ne jerin shari'o'i da dokoki da ke farkonsa da bayanan ƙasan shafi, su ne za su tura ka gaba. Kundayen digiri na biyu da na uku da ke ajiye su ma haka: ka amfana da jerin madogararsu, kada ka kwafi jikinsu.

Mujallu da maƙalu

Maƙala ita ke nuna maka inda masana suke jayayya a yau. Fara da Google Scholar, ka sa kalmominka tsakanin alamun zance don ya nemo su a haɗe, ka ƙara Nigeria ko Sokoto ko Maliki. Ƙarƙashin kowace maƙala akwai wurin da ke nuna waɗanda suka ambace ta daga baya. Danna shi, maƙala ɗaya mai kyau za ta jawo maka goma. AJOL yana tattara mujallun Afirka, na tsangayoyin shari'a na Nijeriya da dama suna ciki. SSRN kyauta ne, sai dai wasu rubuce-rubucen cikinsa daftari ne da ba a tace ba, ka bincika ko an buga su a wata mujalla. HeinOnline da JSTOR sai ta hanyar cibiyar da ta yi rajista, haka ma GOALI, wanda aka buɗe a 2018 don cibiyoyin ƙasashe masu tasowa su sami mujallun shari'a kyauta ko da rahusa. A irin waɗannan rumbuna za ka sami Journal of African Law, wadda ke fitowa tun 1957, kuma tsofaffin fitowarta cike suke da bayanai kan sauye-sauyen shari'a a Arewa gab da samun 'yanci. Kan dawo da shari'ar Musulunci kuwa, kundin takardun da Philip Ostien ya tattara na shekarun 1999 zuwa 2006 yana kan intanet kyauta.

Idan maƙala tana bayan katangar kuɗi, rubuta wa marubucin imel cikin ladabi, ka faɗi sunanka da makarantarka da batunka. Da yawansu sukan aiko, don suna jin daɗin a karanta su.

Ba kowace mujalla ce abin dogaro ba. Wadda ke karɓar kuɗi ta buga cikin kwana uku, tana haɗa shari'a da noma da injiniyanci a fitowa ɗaya, ka yi hattara da ita. Duba wace cibiya ke fitar da ita, su wane ne editocinta, sannan ka gwada marubucin: ɗauki shari'a biyu daga bayanan ƙasan shafinsa ka buɗe su. Idan abin da ya ce suna ɗauke da shi ba ya ciki, ajiye maƙalar.

Abin da sai da ƙafa

Hukunce-hukuncen Babbar Kotun Jiha da na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci mafi yawansu ba a buga su a ko'ina, suna cikin fayil a ofishin rajistara. Haka na ƙananan kotunan shari'a, waɗanda ake rubuta zamansu da Hausa. Ka rubuta takardar neman kwafin da aka tabbatar, ka sa lambar ƙara da sunayen masu shari'a da shekara, ka biya kuɗin hukuma ka karɓi rasit. Idan ba ka da lambar ƙara, aikin zai yi tsawo, don haka nemo ta wurin lauyan da ya yi shari'ar tukuna. Reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ma yana nan cikin gari, kabu-kabu zai kai ka.

Mai binciken tarihin shari'a ya je Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, inda ake ajiye rubuce-rubucen hannu da tsofaffin takardun mulki. Fayilolin Lardin Sakkwato na zamanin Turawa kuwa, waɗanda ake yi wa laƙabi da SOKPROF, suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, kuma in ka je can ka haɗa da Gidan Arewa a tafiya ɗaya. Tsohuwar takarda a hankali ake juya ta, da fensir ake rubutu kusa da ita, kuma sai an ba ka izini za ka ɗauki hoto.

Ajiye abin da ka samu

Duk abin da ka buɗe, rubuta cikakken adireshinsa nan take: marubuci, suna, bugu, maɗaba'a, shekara, shafi. In za ka yi fotokwafi ko hoto da waya, fara da bangon littafin da shafin da ke ɗauke da shekarar bugu, sannan shafukan da kake so. Abin da ka samu a intanet ka sauke shi lokacin da sabis ke da ƙarfi, ka sa masa suna mai ma'ana, ka ajiye kwafi a imel ɗinka, don wuta da data ba su da tabbas, balle a watannin zafi da kwamfuta kan yi ta mutuwa. Manhajar Zotero kyauta ce, tana riƙe maka madogara tana kuma jera su. A littafin rubutunka ka ware maganar marubuci da alamun zance, taka kuma ka bar ta haka, don kada bayan wata biyu ka kasa gane wacce ce taka.

Tsarin ambaton madogara kuma ka tambayi malamin da ke duba kundinka tun kafin ka fara babi na ɗaya. Tsangayoyi da yawa tsarin Ƙungiyar Malaman Shari'a ta Nijeriya, NALT, suke bi, wasu mujallu kuma OSCOLA, tsarin Jami'ar Oxford, suke so. Ana saura mako ka miƙa aikin, ware yini guda ka sake buɗe kowace doka da kowace shari'a da ka ambata, ka tabbatar da lambar sashe da shafi, ka kuma sake nema ko an yi wani sabon gyara ko sabon hukunci tun ranar da ka fara rubutu.